Mangwaron Tsohon Gida

Wata ranar Talata cikin watan Afrilu, ana tsakiyar zafin bazara, na fito daga wani ofis a Wuse na tsaya bakin titi ina jiran abin hawa. Kwalta na tururi, gilasan benaye na mayar wa mutum da rana a fuska. Sai iska ta kaɗo mini wani ƙamshi da na sani tun ban san dama da hagu ba: ƙamshin nunannen mangwaro da ya faɗo ya fashe, rana ta gasa shi a ƙasa. Na waiga ina neman inda ya fito. Can bayan wata katanga, tsakanin ɗakin janareta da wurin ajiye motoci, ga wata ƙatuwar bishiyar mangwaro tsaye, gindinta ya fi ƙarfin rungumar mutum biyu, ɓawonta ya tsattsage kamar diddigen manomi da hunturu. Kallo ɗaya na yi mata na san ba dashen ɗan kwangila ba ce. Ta girmi katangar, ta girmi titin, ta girmi birnin da ya kewaye ta.

Maigadin wurin, wani saurayi, ya ga na daɗe ina kallo, ya taso.

"Baba, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, ɗana. Tsohuwar sani na gani."

Ya yi murmushi, ya shiga ciki, ya dawo da guda uku a hannunsa, ƙanana, rawaya, irin na gargajiya mai zare. Ya ce, "Ai duk wanda ke nan a nan ya tarar da ita, Baba." Na sa masa albarka, na zuba su a aljihun riga. Har na isa gida zuciyata ba ta dawo daga inda ƙamshin nan ya kai ta ba.

Ni haifaffen Abuja ne, amma ba wannan Abujar ta gindin Dutsen Aso ba. Tamu ita ce wadda yau ake kira Suleja, garin da Sarki Abu Ja ya kafa a 1828, bayan rasuwar ɗan'uwansa Muhammadu Makau, Sarkin Zazzau na Haɓe, wanda ya baro Zariya zamanin jihadi ya sauka a Zuba. Gari ne a tsakiyar duwatsu, Kogin Iku na bi ta gefensa, Dutsen Zuma na tsaye ba nisa kamar dogarin ƙofa. Ruwan samanmu ya fi na Kano da Katsina yawa, bai kai na kurmin kudu ba, don haka itatuwan ɓangarorin biyu a wurinmu suke gaisawa. Kuka da tsamiya na nan kamar a arewa, ɗorawa da kaɗanya sun cika gonaki, in kuma ka gangara bakin rafi sai ka tarar da kwakwar manja da ayaba.

Ba mu da kalanda a bango a lokacin, itatuwa ne kalandarmu. In sanyin hunturu ya kama, leɓe ya fara tsagewa, to tsamiya ta bushe a sama, kanya ta nuna, mangwaro ya yi fure, ƙudan zuma na ta gunji a kansa tun da safe. Kafin sanyi ya gama tafiya yazawa ta yi ja da rawaya, iyaye mata na ta kashedi kada ruwanta ya taɓa riga, don ba ya fita. A daidai nan ɗorawa ke rataya tutunta, ja wur, yana lilo kamar tuntun hular dara. Bazara ta mangwaro ce, babu mai yi masa kishiya. Da ruwan farko ya sauka, aka fara shuka, sai kaɗe ya fara zubowa. Tsakiyar damina gwaba, ƙarshenta ɗinya, wadda ba a ɓoye shanta, domin haƙora da harshe su ke ba da shaida. Ga kuma atili, da ake jiƙawa a ruwan ɗumi har ya yi laushi. Shekara ba ta da watan da yaro zai fita bayan gari ya dawo baki a bushe.

Amma in ana maganar itace a gidanmu, ɗorawa ce sarauniya, Kaka kuma ita ce wazirinta. Mahaifiyar Baba ce, kuma daddawarta ta yi suna har ƙauyuka. Da assalatu za ta leƙo ɗakin da muke kwana ta ce da ni, "Maigidana, tashi ka ɗauko ƙugiya. Miji ba ya barci matarsa na neman abin miya." Sai in tashi ina mutsuttsuke ido, in saɓa doguwar gorar nan mai lanƙwasa a kai, mu nufi gona. Ni ke saƙalo tsagin ɗorawar in girgizo, ita da 'yan matan gida suna tsincewa. A gida a ɓare, a daka, a tankaɗe garin nan rawaya mai zaƙi, wanda muke damawa da ruwa mu sha ko mu dumbuza a baki har ya liƙe a dasashi. Abin da ya rage shi ne kalwa, kuma a nan aiki yake. A wanke ta, a ɗora ƙatuwar tukunya, wuta ta kwana tana ci. Da safe a zuba a turmi a sussuka da toka har ɓawon ya saki, a kai rafi a wanke, a sake dafawa da 'yar kanwa, sannan a juye a kwando a lulluɓe da ganye, a kai lungun ɗaki mai ɗumi. Kwana biyu zuwa uku Kaka ba ta yarda kowa ya buɗe ba. Ba ta duba da ido, da hanci take sanin ta yi. Ran da aka buɗe kuwa, duk unguwa ta san an buɗe. A kirɓa, a mulmula, a faɗaɗa da tafin hannu, a shanya a rana. Miyar kukar da aka kaɗa da wannan daddawa, har yau ban ci wadda ta kamo ƙafarta ba.

Ɗorawa ba ta da abin yarwa. Kwasfarta ake jiƙawa a sami makuba, ruwan nan baƙi-baƙi da ake yayyafa wa daɓen ɗaki ya yi ƙarfi da sheƙi, a shafe katanga da shi don ruwan sama. Matan Gbagyi masu ginin tukwane, waɗanda Hausawa suka fi sani da Gwari, da shi suke yayyafa wa tukunya tana fitowa daga wuta da zafinta, ta yi duhu ta daina tsatsa. Garinmu kuwa garin tukwane ne. A nan Baturen nan Michael Cardew ya buɗe makarantar ginin tukwane a farkon shekarun 1950, a nan kuma Ladi Kwali ta yi aikin da ya kai sunanta ƙasashen duniya, har hotonta ya hau takardar naira 20. Duk sanda na riƙe takardar nan nakan tuna cewa sana'ar da ta haife ta tana da ɗorawa a gindinta.

Kaɗanya ita ce uwar marayu. Lokacin da take zubar da 'ya'yanta shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai zo ba, ga aikin gona ya taso. Manomi ya tsinci kaɗe a kunya, ya share da gefen riga, ya sha, ya sami ƙarfin ƙarasa noma. Mata kuwa tun duhun asuba suke fita da ƙwarya, suna tsinta suna kaffa-kaffa da maciji a cikin ciyawa. Ƙwallon za a dafa, a shanya, a fasa, a daka, a soya, a niƙa a dutse, sannan a zauna a yi ta bugu da hannu ana ƙara ruwa har man ya taso fari a sama, a kwashe a narka, a tace, a zuba a ƙwarya ya daskare. Da man kaɗe ake suya, da shi ake kunna aci-balbal, da shi ake shafe jariri, da shi ake murza targaɗe, shi ne kuma maganin kaushi da faso. Kaɗanya takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara haihuwa, amma in ta fara tana iya haura shekara 200 tana bayarwa. Kaka takan dafa gindin wata da ke tsakiyar gonarmu ta ce, "Wannan ta ciyar da uwar mijina, ta ciyar da ni, za ta ciyar da matarka ta gaskiya."

Kowane itace da ladabinsa. Tsamiyar bakin rafi ba a zuwa gindinta da tsakar rana ko da magariba, an ce akwai masu wurin, amma da azumi ya zo ita ce ke ba mu kunun buɗa-baki. Kuka, ɗanta ne ke jawo mata jifa, kamar yadda karin magana ya faɗa, mu ne kuwa masu jifan. Giginya, an ce na nesa ka sha inuwarta, amma na kusa ke cin muruci. Akwai kuma doka wadda ba a rubuta ba, kowa ya san ta: abin da ya faɗo ƙasa na mai wucewa ne, abin da ke sama na mai itace ne. In ana sassabe, gatari ba ya taɓa ɗorawa ko kaɗanya ko ɗinya, sai dai garma ta kewaye su. Wanda ya sari mai 'ya'ya don itacen wuta, ba sai an kai shi gaban alƙali ba, kallon da dattawa za su yi masa a masallaci ya ishe shi. Malaminmu na allo ya sha gaya mana cewa ya zo a hadisi, duk wanda ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, an rubuta masa ladan sadaka.

Mangwaro shi baƙo ne da ya zama ɗan gari. Asalinsa daga ƙasar Indiya yake, kamar yadda yazawa ta fito daga Barazil, gwaba da gwanda kuma daga nahiyar Amurka, jiragen ruwan fatake suka yi ta yawo da su har suka iso gaɓar Afirka, daga nan suka biyo ayari. Gwanda ma ta riga su nisa, domin Bajamushen matafiyin nan Barth ya tarar da ita a gidajen Kano a 1851. To a nan ne bambancin yake, kuma shi ne abin da na daɗe ina so in faɗa. Kaɗanya da ɗorawa ba dasa su ake yi ba, Allah ke shukawa, manomi ya bari. Mangwaro kuwa sai da hannun mutum: wani ya sha, ya binne ƙwallon a bayan ɗaki, ya kewaye da ƙaya don awaki, ya riƙa zuba masa ruwan alwala da na wanke-wanke har ya kama. Saboda haka inda duk ka ga tsohuwar kaɗanya, gona ce a da. Inda ka ga tsofaffin mangwaro sun yi cincirindo, gida ne.

Na fara ganin Wuse a bazarar 1975, ina ɗan shekara goma. Baba ɗan koli ne, yana cin kasuwannin ƙauye da gishiri da kanwa da yadi, ya dawo da doya da kalwa da man kaɗe. A bayan a-kori-kura muka tafi har inda mota ta gaza, sauran muka ƙarasa a ƙasa. Hanyar duk gonakin doya ne da dawa, ga matan Gbagyi suna tafe da kaya a kafaɗa, ba a ka ba, kamar yadda suka gada. Tun daga nesa Baba ya nuna mini wani duhun ganye ya ce, "Ka ga can? In ka ga mangwaro, ka ga mutane." Wuse a lokacin ɗakunan jinka ne da rumbuna, da awaki, da hayaƙin girki.

Mun sauka a gidan aminin Baba, wani dattijon Gbagyi da muke kira Baba na Wuse. Amincinsu ya kai in ya zo Abuja a zaurenmu yake kwana, in Baba ya je can an san tabarmarsa da butarsa. A ƙofar gidansa akwai mangwaro biyar a jere, sun haɗe kai sun yi rumfa. A ƙarƙashinsu ake komai: a nan ake sussuka, a nan ake sulhu, a nan ake karɓar baƙo, a nan tsofaffi ke gyangyaɗin rana. Ya kamo hannuna ya ɗora a jikin babbar cikinsu ya ce, "Ɗana, tsohona ya dasa waɗannan shekarar da aka haife ni. A kasuwarku ya sha, ya zo da ƙwallon a aljihu. Ka ga ashe 'yan garinku ne." Baba ya yi dariya ya ce, "To ai sai mu zo karɓar haraji." Ya ce, "Malam, ga harajin nan a ƙasa, yaro ya tsinta."

Na kuwa tsinta. Ƙananan nan ne masu zare, waɗanda ake murzawa a tafin hannu har su yi ruwa, a huda kai da haƙori a zuƙe. Daren nan a waje muka kwana saboda zafi, bayan mun ci gasasshiyar doya da manja. Jemagu na ta kai-kawo a sama, can ka ji tim, wani ya faɗo, can ka ji wani tim. Ina kwance ina ƙirgawa, ina ayyana inda kowanne ya faɗa don in riga yaran gidan da safe, har barci ya ɗauke ni.

Shekara ba ta cika zagayowa ba, ran 3 ga Fabrairu 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar da ta mayar da wannan yanki sabon babban birnin ƙasa, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Aka yanko ƙasa kusan murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara. Garinmu ya ba da sunansa kyauta, ya karɓi Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Muka ga masu awo da tutocinsu, muka ga katafila, muka ga tituna na miƙewa inda a da sai sawun shanu. Ran 12 ga Disamba 1991 Janar Ibrahim Babangida ya taso daga Legas ya tare. Abin alfahari ne, kuma mun yi alfahari da shi, har gobe muna yi.

Sai dai birni ba ya zama a kan iska. Wasu ƙauyukan aka tashe su: mutanen Wuse aka kai su Sabon Wuse a jihar Neja, kan hanyar Kaduna, wasu aka kai su Kubwa, ƙauyen Garki kuma ya zauna birni ya kewaye shi. Kafin tashi, masu ƙidaya suka bi gida-gida suna rubuta ɗakuna da itatuwa masu amfani don biyan diyya. Baba na Wuse ya zo zaurenmu bayan nan, ina zuba musu ruwa ina ji. Ya ce, "Malam, sun tambaye ni nawa mangwarona ke kawo mini a shekara. Na ce ban taɓa ƙirgawa ba, ai ba na sayarwa ba ne." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Turmi zai hau mota, akuya za ta hau mota. Itace da kabari su ne ba sa hawa." Amma bai zauna ya zuba tagumi ba. Ya san ƙwallon mangwaro ba ya jure ajiya, don haka daminar da ta gabaci tashinsu ya shuka ƙwallayen bishiyoyin nan a fasassun tukwane. Ran ƙaura, an ce shi bai yarda ya shiga gaban mota ba. A baya ya zauna, ya rungume tukwanensa.

Tun daga ranar nake karanta Abuja da wani ido daban. Mutane na cewa birni ne sabo, ba shi da ganuwa kamar Kano, ba shi da Gobarau kamar Katsina, ba shi da abin da zai nuna wa baƙo ya ce wannan na kakanni ne. Ni kuwa na ce yana da su, ganye ne kawai a kansu. Ka bi ta Garki, ka bi ta Jabi da Utako da Mabushi, ka leƙa bayan katangu da bakin rafuffukan da aka bari ba a gine ba. Inda ka ga tsofaffin mangwaro uku ko biyar sun tsaya ba a layin titi ba, ba a layin katanga ba, to layin wani tsakar gida suke bi wanda babu shi yanzu. Kufai ne. A nan wata ta yi daka, a nan aka yi wa wani wankan jego, a nan aka ɗaura wani aure. Sunaye ma ba su manta ba. Durumi sunan itace ne, haka Tungan Maje a hanyar Gwagwalada, haka Gidan Mangoro a hanyar Karshi. Tsohuwar al'ada ce ta ƙasar nan: Kano na da Ɗorayi da Kurna da Kasuwar Rimi, Kaduna na da Kawo da Unguwar Rimi, Sakkwato na da Giginya. Itace ke fara zama, mutane su zo su ari sunansa.

Ba na cewa sabuwar Abuja ba ta son ganye. Waɗanda suka zana ta sun bar mata filaye da lambuna, ga Millennium Park da Sarauniyar Ingila Elizabeth ta buɗe a Disambar 2003, inda nake kai jikokina su yi gudu a kan ciyawa. Amma yawancin abin da ake dasawa yanzu na ado ne, dogaye siriri, ba 'ya'ya ba inuwa, tsuntsu ma ba ya samun abin karin kumallo a kansu. Kayan marmari sun fi da yawa, ba ƙarya: je ka kasuwar Zuba ka ga motoci na sauke lemo da mangwaro daga Binuwai, ga mai aure, ga Binta Suga, ga paparanda, manya-manya ba zare. Sai dai jikana ya san mangwaro a faranti, bai san shi a reshe ba. Bai taɓa jiran abu ya nuna ba. Dunƙulen ɗanɗano ya ture daddawa daga tukunyar gidaje da yawa. In kuma ka bi manyan hanyoyin da ke fita daga birni ka ga buhunan gawayi a jere, gabana yakan faɗi, domin masu sana'ar sun san gawayin kaɗanya na daga cikin masu daɗewa a wuta. Abin da ya yi shekara 100 yana ciyar da gida, sai ya ƙare a kwana biyu a cikin rami.

Wasu ƙasashen sun farga da wuri. Singafo, birnin da ya fi Abuja cunkoson benaye, tun 2001 take da rajistar tsofaffin itatuwa, kowanne da lambarsa da kariyarsa. A Ingila akwai gonar Brogdale a yankin Kent, inda ake renon irin tuffa sama da 2,000 don kada na kakanni su ɓace. Ba ma sai mun tsallaka teku ba. 'Yan'uwanmu manoman Maraɗi, tun shekarun 1980, suka koma barin tohon kututture ya girma a gona maimakon sare shi, abin da suke kira sassaben zamani, har gonakin da suka zama fako suka sake yin inuwa. Dokar Kaka ce dai ta dawo da sabon suna.

Roƙona ga masu riƙe da birnin nan ba mai tsada ba ne. A bi a ƙirga tsofaffin itatuwan nan, wannan karon ba don diyya ba, don a san da su. A tambayi dattawan Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da Hausawa da Fulanin da suka zauna a wuraren, tun suna da rai, su faɗi gidan wa ne a nan, gonar wa ce a can. A kafa ɗan allo a gindin kowanne da sunansa da sunan ƙauyen da ya tsaya a ciki. Mai zanen gini ya koyi abin da garma ta sani, ya kewaye. Makarantu kuma, in za su yi dashe, su sa ɗorawa da tsamiya da ɗinya a cikin lissafi, yara su ga tutu da idonsu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Mangwaron nan uku da maigadi ya ba ni, ɗaya kawai na sha. Ran Asabar na sa biyun a leda na hau mota zuwa Sabon Wuse. Baba na Wuse ya daɗe da rasuwa, Baba ma haka, Allah ya ji ƙan magabatanmu. Babban ɗansa, wanda muka yi rige-rigen tsinta da shi a safiyar nan ta 1975, shi ne maigida yanzu, furfura ta rufe shi kamar yadda ta rufe ni. Na same shi a ƙofar gida, a inuwar mangwaro huɗu da suka haɗe kai. Biyar tsohon ya dasa, ɗaya bai kama ba. Yara na ta jifa, wata tsohuwa na yi musu faɗa kada su fasa mata tulu.

Bayan mun gaisa, mun tambayi iyali, na ciro ledar na miƙa masa ban ce komai ba. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya kai hanci, ya murza a tafin hannu, ya huda ya zuƙa. Ya daɗe bai yi magana ba.

"Ɗan'uwa, ina ka samo wannan?"

"A Wuse. Bayan wata katanga."

Ya gyaɗa kai. Ya kira wani jikansa ya ce ya tsinto mini na ƙasa. Yaron ya kawo cike da hularsa. Na murza ɗaya na zuƙa. Irin na gargajiya ba ya sauya hali, ɗa yakan ɗauko ɗanɗanon uwarsa ko daga ƙwallo ya tsiro. Zaƙin ɗaya ne, ɗan tsamin nan na kusa da ƙwallo ɗaya ne, zaren da ke maƙalewa a haƙori ɗaya ne.

Ya tsotse nasa tas, amma bai yar da ƙwallon ba. Ya miƙa wa yaron ya ce, "Kai wa kakarka, ka ce ta nemo fasasshiyar tukunya. Na tsohon gida ne."